Kafin ka shigar da ƙara a Abuja: wace kotu ce taka, kuma kwana nawa gare ka?

Ƙararraki da yawa ba rashin gaskiya ke kashe su ba. An kai su ne inda ba a da hurumin sauraronsu, ko kuma an makara. Hurumi shi ne tushe: in kotu ba ta da shi, ko shekara 7 aka yi ana kawo shaidu, ranar da lauyan ɗaya ɓangaren ya tayar da maganar, ko da a Kotun Ƙoli ne, sai a rushe komai a koma farko. Saboda haka tambayar farko ba "wane lauya zan ɗauka" ba ce, "wace ƙofa zan ƙwanƙwasa" ce.

Fara da irin rikicin. Aure, saki, ciyarwa, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi tsakanin Musulmi, kotun yanki ake kai su, wadda jama'a ke kira eriya kot. Wanda bai gamsu da hukuncinta a kan waɗannan ba sai ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Gudu, ƙarƙashin Girandi Kadi. Sashe na 262 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita wannan kotu ga lamurran iyali na shari'ar Musulunci. Nan ne mutane ke yawan faɗawa rami: rabon gidan da mamaci ya bari gado ne, amma jayayya da wani bare a kan wa ya mallaki filin tun asali ba gado ba ce. Irin wannan Babbar Kotun Birnin Tarayya ake kai ta, wadda hedikwatarta ke Maitama.

Ƙananan laifuka na kotun majistare ne. Majistaren kan kuma zauna a matsayin alƙalin kotun gunduma ya saurari bashi da rikicin haya, muddin kuɗin bai wuce iyakar da aka yanka wa matakinsa ba, don haka ka tambayi magatakarda iyakar kafin ka biya ko sisi. Kisan kai da fashi da makami sun fi ƙarfinsa, na Babbar Kotu ne.

Kada ka haɗa Babbar Kotun Birnin Tarayya da Babbar Kotun Tarayya. Sunayen ne suka yi kama, aikin daban. Ta biyun, bisa sashe na 251, ita ke duba harajin gwamnatin tarayya, kwastan, tafiyar da kamfanoni, haƙƙin mallakar fasaha, zama ɗan ƙasa, miyagun ƙwayoyi da matakan da hukumomin tarayya suka ɗauka. Wanda aka kora daga aiki ko aka riƙe wa albashi kuwa, ba ɗaya daga cikinsu zai je ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce tasa, tun gyaran tsarin mulki na 2010.

In ka gano kotun, aiki ya koma rajista. Za a duba takardunka, a ƙiyasta kuɗin shigarwa, ka biya, a ba ƙarar lamba, sannan a tura ta gaban alƙali. Riƙe rasit da kwafin da aka buga wa hatimi. Abin da ya fi cin lokaci bayan nan shi ne isar da sammaci. Dole ya kai hannun wanda ake ƙara, ma'aikacin kotun da ya kai kuma ya sa takardar shaida a fayil. Adireshi irin "bayan masallaci, Nyanya" ba ya kai kowa ko'ina. Ka ba da lambar gida, ko ka raka mai kai sammacin da ƙafarka. In mutumin yana ɓuya, lauya zai nemi izinin kotu a liƙa a ƙofar gidansa ko a buga a jarida. Hukuncin da aka yanke wa wanda ba a isar wa da sammaci ba, rusasshe ne. In kuma jami'in gwamnati kake ƙara kan abin da ya yi a bakin aiki, doka ta ba ka wata 3 ne a mafi yawan lokuta, wasu hukumomin ma sai ka aika musu takardar sanarwa kafin ka shigar.

Daga manyan kotunan nan duka, hanya ɗaya ce: Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda alƙalai aƙalla 3 ke zama. In ƙarar daga kotun Shari'a ta fito, su ukun sai sun kasance masana shari'ar Musulunci. A nan ƙidayar kwanaki ba ta da sassauci. In za ka ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba, wata 3 gare ka. Hukuncin tsakiyar shari'a, kwana 14 kacal. Shari'ar laifi, kwana 90. Takardar ɗaukaka ƙarar kuma a rajistar kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da ita, ba a ta sama ba. Magatakarda yana da kwana 60 ya haɗa kundin shari'ar ya aika. In ya gaza, nauyin ya dawo kanka cikin kwana 30. Da kundin ya isa, lauyanka yana da kwana 45 ya rubuta hujjojinsa, abokin hamayya kuma 30. Wanda ya makara zai iya roƙon ƙarin lokaci, amma sai ya kawo dalili mai ƙarfi cikin takardar rantsuwa.

Abin da kan ba mutane mamaki: ɗaukaka ƙara ba ta tsayar da zartar da hukunci. In ba ka nemi umarnin dakatarwa daban ba, ana iya kwashe kayanka ƙarar tana nan a layi.

Kotun Ƙoli ce ƙarshe. Babban Jojin Najeriya da alƙalan da ba su wuce 21 ba, suna zama su 5, ko su 7 in maganar fassarar tsarin mulki ce. Ba sa sake jin shaidu, abin da ke cikin kundi suke dubawa, shi ya sa hujjar da ba ka gabatar a ƙasa ba da wuya ta yi maka amfani a sama. Shari'ar ma'aikata ma ba ta isa can, a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa.

In alƙalin ne kake da kuka da halinsa, kamar neman cin hanci, wannan hanya ce daban. Alƙalan manyan kotuna suna ƙarƙashin Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, wadda Babban Joji ke shugabanta. Ita ke ba da shawarar naɗa su da tsige su. Ana rubuta mata koke haɗe da takardar rantsuwa cikin wata 6 da faruwar abin. Majistare da alƙalin kotun yanki kuwa, Kwamitin Kula da Ma'aikatan Shari'a na Birnin Tarayya ke ladabtar da su. Sai dai ko an hukunta alƙalin, hukuncin da ya yanke maka yana nan daram har sai kotun sama ta soke shi, kuma kwanakin ɗaukaka ƙararka ba sa tsayawa jiran sakamakon koke.