Darasi na 9: Yaro ya karanta, to ya gane?

Wani uba a unguwar Bagalam, cikin Maraɗi, ya zaunar da ɗansa, ɗan aji uku, wato CE1, ya ce ya karanta mashi darasin ranar. Yaro ya zuba Faransanci kamar ruwa, ko tuntuɓe bai yi ba. Uban ya ji daɗi ƙwarai. Sai ya ce, "To, faɗa mani da Hausa, mi aka ce?" Yaro ya sunkuyar da kai, ya yi shiru.

Wannan shirun ne ya kamata ya dame mu. A gida Hausa yaro yake ji, ya shiga lakol ya tarar da Faransanci, ga aji cike, mushe, wato malamin lakol, ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Sai yaro ya haddace sauti, ma'ana ta wuce shi. Ku da kuka fara karatu da girmanku kun san zafin wannan, shi ya sa kun fi kowa iya taimaka mashi, ko da ba ku jin Faransanci.

Ku fara da gatana. Bayan sallar isha'i, inna ta yi ta Gizo da Ƙoƙi, amma ta tsaya a tsakiya ta tambaya: "Wa ya tafi gona? Don mi Gizo ya yi ƙarya? Kai kana ganin mi zai faru?" Tambayar "don mi" ta fi sauran amfani, domin ba a amsa ta da hadda. In ya amsa ba daidai ba, kada a yi mashi tsawa, a koma baya kaɗan a sake. Ran da ya zo da littafin lakol, waɗannan tambayoyin za ku yi mashi, layi biyu ya karanta, ya rufe, ya faɗa da Hausa.

Rubutu kuma a ba shi na amfani. Ranar Litinin ko Juma'a, kafin ku tafi babbar kasuwa, ya rubuta cefane: hatsi tiya biyu, mai, daddawa, gishirin dala ashirin. A kasuwa shi zai riƙe takardar, yana karantawa kuna saye. In babu kaye da bik, gawayi da allo sun isa, ko tsinke a rairayin tsakar gida.

Akwai abin da za ku lura da shi. A allon bakin hanya an rubuta Madarounfa da Djiratawa, irin na Faransanci, mu kuwa da Hausa Madarunfa da Jiratawa muke rubutawa. Yaro zai haɗa su, ya rubuta "tchi" maimakon "ci". Ku nuna mashi kowane harshe da ƙa'idarsa. Haka nan baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, babu su a Faransanci, wataƙila bai taɓa rubuta su ba. Ku rubuta mashi "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa", ya karanta da ƙarfi ya ji yadda ƙugiya ɗaya ta canza magana. Kuma kada ɗiya mace ta tsaya wanke-wanke lokacin da ake wannan zama, a shimfiɗa tabarma da ita.

Aikin wannan mako: ku sa yaro ya rubuta jimla uku a kan akuyar gidanku ko ta maƙwabta. Ku kawo takardar aji ranar darasi mai zuwa, za mu karanta tare.