Darasi na Tara: Yadda Ake Mayar da Sa Hannu Hoto da Sikana

Hukumomi da dama sun koma karɓar takardun jama'a ta intanet, kuma daga cikin abin da suke nema har da hoton sa hannun mai buƙata. Ɗan kasuwar da zai yi wa sunan sana'arsa rajista a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista a Nijeriya, alal misali, sai an ɗora masa irin wannan hoto kafin aikinsa ya kammala. Na'urar da ake amfani da ita sunanta sikana, kuma ana samunta a shagunan buga takardu.

Rabin aikin yana kan takarda ne tun kafin a taɓa na'ura. A nemi farar takarda wadda ba ta da layi, domin sikana ba ta bambanta layin littafi da rubutun mutum, duk abin da ta gani shi za ta ɗauka. A yi amfani da baƙin biro mai fitar da tawada sosai, kada a yi da fensir, saboda rubutunsa yakan fito dishi-dishi. A sa hannu sau uku ko huɗu da tazara a tsakaninsu, sannan a zaɓi wanda ya fi kama da wanda aka saba yi a banki, domin idan suka sha bamban ana iya ƙin karɓa. A jira tawadar ta bushe.

Daga nan sai a ɗaga murfin sikana, a goge gilashin da tsumma mai laushi, a kifa takardar ta yadda rubutun zai fuskanci gilashin, a rufe. A kwamfuta za a zaɓi ƙarfin hoton, kuma ɗigo 300 a kowane inci ya wadatar. Abin da ya wuce haka nauyi kawai zai ƙara, alhali shafukan rajista sukan iyakance girman abin da za a ɗora. Idan hoton ya bayyana, a yanke farin da ke kewaye da sa hannun, a bar ɗan gefe kaɗan, a adana shi a tsarin JPG ko PNG, wato nau'o'in fayil ɗin hoto, gwargwadon abin da hukumar ta nema.

Abin da ya fi muhimmanci yana zuwa ne bayan an gama. Duk wanda ya mallaki wannan hoto yana iya manna shi a ƙasan takardar bashi ko ta cinikin fili ba da saninka ba. Saboda haka a sa mai shago ya tura hoton zuwa wayarka ko filashinka, ya goge shi daga kwamfutarsa kana tsaye, har da kwandon sharar kwamfutar, inda abin da aka goge yake zama. Neman haka ba zargi ba ne, domin kwamfutar shago hannaye da yawa ke taɓa ta. Takardar da ka sa wa hannu kuwa ka tafi da abarka gida, ko ka yayyaga ta.