Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran magudanar ruwan gilashin rufin mota

Kuskure na farko shi ne ɗora wa roba laifi. Mutum ya ga silin motarsa ya jiƙe, sai ya ce robar da ta kewaye gilashin ce ta mutu, ya sayo sabuwa, ko ya shafe gefen da gam ɗin silikon. Ita wannan roba ba a yi ta don ta tare ruwa gaba ɗaya ba. Ruwa na ratsawa ya sauka cikin wani faranti da ke ƙarƙashin gilashin, farantin kuma yawanci yana da ƙananan ramuka huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Kowane rami na haɗe da siririn tiyo: biyu na gaba suna bin ginshiƙan gefen gilashin gaba su fita wajen maƙalar ƙofa ko bayan tayar gaba, biyu na baya su fita kusa da tayar baya ko bamba. In ƙura, ganye da furen bishiya suka zama laka suka toshe hanya, farantin ya cika ya tumbatso cikin mota. Gam ba ya maganin wannan, sai ma ya hana gilashin zamewa.

Kafin ka taɓa komai, gano wace kusurwa ce. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, buɗe gilashin, ka zuba kamar kofi ɗaya na ruwa a hankali kusa da rami guda, sannan ka leƙa ƙasa. Lafiyayyen tiyo zai zubar da shi nan take. In ruwan ya tsaya a faranti, toshewa ce. In kuwa ya shige amma bai fito ƙasa ba, tiyon ya cire ko ya fashe, yana zuba a ciki, don haka dakata da zuba ruwa. Ramukan baya ba sa ganuwa sosai. Ɗan ɗaga gaban motar a kan gangare domin ruwan ya koma can.

Ɓarnar da ta fi yawa daga wayar ƙarfe take zuwa. Tiyon na da laushi, yana da lanƙwasa, kuma tura shi kawai aka yi a bakin ramin. Waya mai tauri sai ta huda shi a lanƙwasa ko ta ture shi daga mazauninsa, aikin minti goma ya koma sauke silin. Abin da ya dace shi ne igiyar nailan ta injin yankan ciyawa, mai kaurin milimita 2 zuwa 3, tsawon kamar mita 2. Goge bakinta ya yi santsi, ka riƙa turawa kana murzawa da yatsu. In ta cije, ja baya kaɗan ka sake. Kada ka yi mata ƙarfi.

Iskar kwamfuresa ma haka take. Matsi mai yawa yana fizge tiyon daga baki, kuma ba za ka sani ba sai an yi ruwan sama. In dole ne, rage matsin sosai, ka busa kaɗan-kaɗan, kada ka danne bakin ramin ruf. Sinadarin buɗe bututun gida kuwa a bar shi inda yake, yana cin roba da fenti. Ruwan ɗumi da ɗigon sabulu sun isa.

Da yawa suna mantawa da ƙarshen tiyon na ƙasa. A wasu motoci, musamman Volkswagen da Audi, ƙarshen tiyon na da wata 'yar roba mai matsattsen baki, kuma nan laka ta fi taruwa. Matsa ta tsakanin yatsu biyu, za ka ga baƙin ruwa ya tsiyayo. Sau da yawa iyakar matsalar ke nan.

In ya kama sai an cire murfin ginshiƙi, a cire kan batir tukuna a jira mintuna, saboda jakar iska ta gefe, wadda ke kumbura ta kare mutum in an yi haɗari, tana bi ta wurin. Kuma ba kowace jiƙewar kafet ce daga sama ba: ruwan da ke bayyana sai an kunna na'urar sanyaya mota, daga magudanarta yake.

Bayan hanya ta buɗe, saura bushewa. Soson da ke ƙarƙashin kafet yana riƙe ruwa ko da sama ya bushe, ga wayoyi da ƙananan kwamfutocin mota a wurin. Ɗaga kafet ɗin, tsane ruwan, ka sa fanka har sai soson ya bushe ƙaƙas, in ba haka ba wari, fumfuna da tsatsa za su biyo baya.

Rigakafin ba wuya: sau biyu a shekara, zuƙe dattin faranti da injin shara maimakon share shi zuwa ramuka, goge da ɗanyen tsumma, ka maimaita gwajin kofi. Robar a shafa mata man silikon, ban da giris na ƙarfe, domin yana kumbura ta. Motar da ke kwana ƙarƙashin bishiya kuwa, a duba ta duk wata uku.