In an tura ka hira da tsoho don asamen, ga yadda za ka yi

Mu da muka karanta tarihi kusan kowa sai da lakcara ya tura shi hira da wani dattijo, ni kan dalar gyaɗa ta Kano aka ba ni, kuma wallahi zuwana na farko shirme kawai na tafko.

Kar ka faɗo wa mutum haka kawai da littafi da biro. Nemi wanda zai maka iso, jikansa ko liman ko mai unguwa, a gaya masa ɗan makaranta ne kai ba gwamnati ce ta aiko ka ba, don tsofaffi da sun ga takarda sai su zaci haraji ne ko rabon tallafi. Bayan la'asar ya fi, kuma ka riƙe ɗan goro. In tsohuwa ce a cikin gida kai kuma namiji, tafi da ƙanwarka ta fara shiga. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka bar gaisuwa ta yi tsawonta, sai ya ce me ke tafe da kai sannan ka fito da waya: "Baba zan naɗi muryarku don kar in manta, kun yarda?" Ka tambaya ma ko ya amince a sa sunansa a rubutun. Wayar kuma ta cika da caji, ka rufe layin, ni ana tsakiyar labari kira ya shigo ya yanke min rakodin ban ma lura ba sai da na koma gida.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne maganar shekara. Na ce "Baba a wace shekara kuka fara dako?" ya kalle ni ya ce shi ina ya san wata shekara, ya dai san Sardauna na raye kuma bai yi aure ba. To ashe amsar kenan, ni ne ban iya ji ba. Su da abin da ya faru suke lissafi, don haka ka je da naka a ka: zuwan Sarauniya 1956, 'yancin kai 1960, kisan Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannu na tuƙi 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo 1973, ƙarin albashin ma'aikata na Udoji 1974, rikicin Maitatsine Disambar 1980. Da na koma sai na ce "da fam aka biya ku ko da naira?" nan take ya gyara zama, ya ja wuyan rigarsa ya nuna min kantar da buhu ya bar masa, ya shiga ba ni labarin yadda suke hawa da buhu a ka har ƙololuwar dala da yadda ake loda wa jirgin ƙasa zuwa Ikko, tambaya ɗaya ta ci kusan rabin awa.

Kar ka sa masa magana a baki, irin su "ai Turawa sun cuce ku ko?" zai ce maka e don kara kawai. Ce masa "ya aka yi?" ko "sai kuma me ya faru?" In ya yi shiru kai ma yi shiru, tuno wani abu yake. In ya kauce ya koma labarin aurensa bar shi ya ɗan taɓa, sannan ka jawo shi a hankali, ban da katse babba.

A daren nan ka zauna ka kwafe hirar tun kana tuna abin da ya nuna da hannu, awa ɗaya ta magana tana iya cinye maka wuni. Rubuta kalmominsa yadda ya faɗa kar ka gyara masa Hausa, a sama ka sa sunansa, kimanin shekarunsa, unguwa da kwanan wata don sufabaiza sai ya tambaya. Abin da ya shige maka duhu ka ja masa layi, ka sake sayen goro ka koma.