Darasi Na 6: Rataya Jita Don Kiɗa A Tsaye

Toh 'yan uwa, tun da muka fara darussan nan a zaune muke, jita bisa cinya, kowa na danna tsirkiya hankalinsa kwance. Amma ranar da aka kira ka wasa, biki ne a Birnin Kebbi ko taron majami'a a Zuru, ba mai kawo maka kujera, tsaye za ka yi, kuma nan ne mutum ke tuna cewa hannu biyu gare shi, ɗaya na kan wuyan jita ɗaya na kaɗawa, ba na ukun da zai tallabe jitar. Wannan aikin maratayi ne, wasu na ce masa bel. Abin ba baƙo ba ne gare mu, duk wanda ya taɓa kallon mai kalangu ya ga yadda yake rataye shi a kafaɗa ya zauna daidai hammata, hannuwa na ta aikinsu.

Ɗauko jitarka ka juya ta. A gindinta, can ƙasa tsakiya, akwai wani ɗan ƙarfe mai kai kamar maɓalli. Ta lantarki tana da na biyu a sama kusa da inda wuya ya haɗu da jiki, kenan ba wahala, kowane bakin maratayi akwai fata mai huda da 'yar tsaga, sai ka tura maɓallin ciki har fatar ta zauna bayan kansa gaba ɗaya. In sabuwar fata ce za ta yi gardama, ka sa babban yatsa ka danna, wannan taurin alheri ne. Ɓarin da ke da abin zugewa shi ke zuwa gindi, don ya kasance ta bayanka.

Jitar katako mai rami kuwa sau da yawa maɓalli ɗaya take zuwa da shi, na gindi kawai. Nan sai ka nemo igiyar takalmi mai ƙarfi ka zura ta a hudar maratayi, ka bi da ita ƘARƘASHIN tsirkiyoyi a kan jitar, wato can ƙarshen wuya ta sama, tsakanin ɗan farin ƙashin nan da tsirkiyoyi shida ke hawa kansa da kunnuwan farko da ake murɗawa, ka ƙulla sau biyu ta baya. Na rubuta ƙarƙashin da manyan baƙaƙe don na sha ganin ɗalibi ya ɗaure ta sama, ya matse tsirkiya, sannan ya zo yana cewa malam jitar nan ta ƙi saituwa. In kana son a sa maka maɓalli na biyu ka kai wa kafinta ya fara huda ɗan siririn rami kafin ya ɗaura sukuru, don Allah kar ka ɗauki ƙusa da guduma, katakon tsagewa yake.

Mai kaɗawa da dama, maratayi kan kafaɗar hagu yake hawa, ya zagaya baya ya fito ƙarƙashin hannun dama. Bahago sai ya juya lissafin.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, wato tsayi. Yawancin maratayin kanti ana iya zuge shi daga wajen santimita 100 zuwa 150, kuma ba wani lamba da zan ba ka in ce shi ne naka, don dogo da gajere da mai tumbi ba ɗaya ba ne. Abin da za ka yi shi ne ka zauna kan benci yadda ka saba koyo, bayanka a miƙe, jita kan cinya, ka rataya maratayin ka yi ta rage shi har ya ɗame, ba sako-sako. Sai ka miƙe a hankali. In jitar ta tsaya inda take ba ta zame ƙasa ba, shi ke nan ka samu. Dalili kuwa wata da watanni yatsunka suna koyon hanya a wannan tsayin, sun san inda kowace tsirkiya take ko da ido rufe, in ka sauke jita zuwa gwiwa kamar mawaƙan Amurka da kuke gani a waya to ka canza musu gari, sai wuyan hannun hagu ya lanƙwashe yana neman kaiwa, sauti ya dinga fita a dakushe, bayan minti 20 jijiya ta fara zafi. Samari na son wannan gayun, ni dai ban hana ba, amma a bari hannu ya nuna tukuna. Kan jitar ya ɗan ɗaga sama, kar ya duƙa yana kallon ƙasa. Ka duba wuyan hannunka, in kusan a miƙe yake ka yi daidai.

Faɗin maratayi ma abin dubawa ne. Ta katako ba ta cika wuce kilo 2 ba, mai faɗin santimita 5 ya ishe ta. Ta lantarki kan kai kilo 3 zuwa 4, bes, wato jita mai kaurin murya, ma ya fi, to nan ka nemi mai santimita 7 ko 8, don siririn maratayi yanka kafaɗa yake kamar igiyar guga. Ba dole sai na kanti ba, ni nawa wani baduku ya ɗinka min a kasuwar Argungu, na kai masa awo da zare, har ya tambaye ni, "Malam, wannan linzamin wace dabba ce?" Fata mai ɗan kaushi ta ciki ta fi leda mai santsi, musamman kan shadda lokacin zafi, mai santsin zamewa yake, kan jita ya yi ta rinjaya ƙasa kana tarowa.

Sai maganar faɗuwa, wadda ni ta taɓa ci na. Wajen wani kamu ne, ana cikin rawa na ɗaga hannu in gaida uwar ango, ashe hudar fatar ta gindi ta buɗe saboda tsufa, sai ji na yi kwaram kan siminti. Gefen jitar ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa, yara na dariya, ni ko na rasa inda zan sa fuska. Maganin ko sisi bai ci ba. Ka je wurin mai faci ya ba ka guntun tsohon tub na babur, ka yanka shi zagaye ya ɗan fi kan maɓallin faɗi, ka huda ƙaramin rami a tsakiya, bayan ka sa maratayi sai ka tura robar ta hau kan maɓallin ta danne fatar. In maɓalli biyu jitarka ke da shi ka yi guda 2, sama da ƙasa. In kuma maɓallin ne da kansa ke rawa, sukuru na juyawa ba ya kamawa, cire shi da sukudireba, ka cusa tsinken ashana 2 da ɗan gam na kafinta a ramin, ka karye abin da ya yi saura, ka mayar da sukurun ka bar shi ya kwana. Masu ta lantarki, wayar da ke zuwa sifika ku zagaya da ita ta tsakanin maratayi da jikin jita kafin ku soka, ko wani ya taka ba za ta fizge ba.

Aikin gida: ka saita tsayinka kamar yadda muka yi, ka sa alama da biro a jikin maratayin, ka auna da tef ɗin tela daga huda zuwa huda ka rubuta lambar a littafinka. Sannan ka kaɗa abin da muka koya a darasi na 5 sau 3 a zaune, sau 3 a tsaye, ka rubuta layi 2 kan inda ka ji bambanci. Wanda bai da maratayi ya zo da tsohon bel na wando da igiyar takalmi ranar Asabar, za mu huda a aji.