Yadda Ake Duba Tsohuwar Bargar Dawaki a Karkarar Ingila Kafin a Gyara

A manyan gidajen masu ƙasa na karkarar Ingila, barga gini ce sukutum: ɗakuna kewaye da fili, ƙofar shiga mai baka, galibi da hasumiyar agogo a samanta. Ta gidan Chatsworth, wadda James Paine ya zana a wajajen 1760, dawaki 80 aka yi wa ita.

Fara da daɓe. Bulo ne mai tauri da aka yi wa tsagi don kada kofato ya zame, an ɗan gangarar da shi zuwa magudanar da ke bayan doki. Kwara bokitin ruwa ka ga inda zai nufa. In ya kwanta, ko daɓen ya lotsa ko magudanar ta toshe. Auna gurabun kuma: wanda ake ɗaure doki bai cika wuce ƙafa 6 a faɗi ba, wanda ake sakinsa ya kan kai 12 kan 12. Ramukan da ka gani a daɓe, wurin ginshiƙan tsohon shinge ne, kada ka cike su kafin ka zana su a takarda.

Bango ne inda aka fi yin ɓarna. Farin garin da ke fitowa a gindinsa gishirin fitsari ne na shekaru aru-aru da bulo ya sha. Goge shi a bushe da burushi, ruwa zai mayar da shi ciki ne kawai. Da farar ƙasa aka ɗaure bulon, to da ita za a cike gaɓoɓinsa, kashi 1 cikin yashi kashi 3. Siminti ya fi bulon tauri, yana tsare danshi, sanyi ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓare.

A bene ake ajiye ciyawa, a zuro ta ta rami zuwa ragar da ke saman komi. Soka sukudireba a ƙarshen kowane katakon da ya shiga bango, nan yake fara ruɓewa, musamman ƙarƙashin indararon da ke yoyo. Kafofin iska na rufi kuwa a bar su a buɗe, ko da babu doki ko ɗaya.

In ginin na cikin rajistar gine-ginen tarihi, sai da izinin ƙaramar hukuma za ka cire ko da shinge ɗaya. Jemagu ma doka ta kare su, don haka a sa masani ya duba rufin kafin a ɗaga shi.