Yadda ake rubuta rahoton abin da ya faru a gasar baje kolin karnuka

Alƙali ya ɗaga leɓen kare zai duba haƙora, kare ya cafke masa yatsa. Ko kuma karnuka biyu sun kaure a bakin ƙofar fili, an raba su da kyar, ɗaya na ɗingishi. Kafin a yi minti goma kowa ya ƙera nasa labarin, mai karen da ya fara kuma zai rantse nasa aka tsokana. Idan magana ta kai gaban kwamitin ladabtarwa bayan makonni, abin da aka sa a takarda a ranar shi kaɗai za a riƙe. Shi ya sa aikin nan ba na ganin dama ba ne.

Tun kafin a buɗe ƙofa, sakataren gasa ya tanadi littafi ɗinkakke mai lambobin shafi, ya ajiye a teburinsa inda kowa ya sani. Kada a yi amfani da warwatsattsun takardu, domin ana iya zare ɗaya ba wanda ya lura. A haɗa da biro biyu, ƙaramar rula, na'urar karanta ƙwayar shaida (ɗan ƙaramin abu mai ɗauke da lamba da ake dasa wa kare a ƙarƙashin fata), da lambar wayar likitan dabbobin da ke bakin aiki. Ƙungiyar Kennel Club ta Ingila, wadda aka kafa a 1873, tana wajabta irin wannan littafi a gasannin da ta ba lasisi. Takwararta ta Amurka, AKC, da ta fara a 1884, tana ɗora binciken farko a wuyan kwamitin gasar.

Idan abu ya faru, rubutu ba shi ne farko ba. A raba karnuka, a mayar da kowanne kejinsa, a kula da wanda ya ji rauni. Cizon da ya huda fatar mutum a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a wuce asibiti ko da ramin bai fi kan allura ba, domin haƙorin kare yana tura ƙwayoyin cuta can ciki. Amma wani daga cikin jami'ai ya dubi agogo nan take, ya kuma hana shaidu watsewa.

Sai a zauna rubutu, cikin rabin awa in da hali. A sa kwanan wata, lokaci har da minti, da takamaiman wuri. Batun wuri yana da nauyi fiye da yadda ake zato: abin da ya auku cikin fili yana ƙarƙashin ikon alƙali, wanda ya auku a wurin kejuna ko wurin ajiye motoci kuma na kwamiti ne. “Kusa da fili” bai isa ba. A rubuta “taku biyu daga ƙofar fili na 3, ta waje”.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne tantance kare. Lambar da ke damtsen mai riƙe da shi ba hujja ba ce ita kaɗai, saboda mutum ɗaya kan zo da karnuka uku ko huɗu masu kama ɗaya, yana sauya lamba tsakanin zagaye. A ɗauki lambar damtse, a gwada ta da kundin gasa, a rubuta sunan rajista, nau'in karen, namiji ne ko mace, sannan a goga na'ura a tsakanin kafaɗunsa a kwafi lambobi 15 na ƙwayar shaidar da ke ƙarƙashin fata. A karanta su da ƙarfi wani ya tabbatar. Haka nan a bambance mai kare da wanda ya riƙe shi a lokacin, don sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne.

Wajen bayani, ka rubuta abin da idonka ya gani, ka bar hukunci ga masu hukunci. “Karen mugu ne, ya far wa mutum” ba ta da amfani ga kowa. Ga irin wadda ake so: “Alƙali ya sa hannun dama a kan haɓar kare mai lamba 214. Karen ya yi gurnani sau ɗaya, ya juya ya kama bayan hannun. Huda biyu, jini ya fito. Igiya na hannun mai riƙe da shi, a sake take.” Wannan dalla-dallar ce ke yanke makomar karen. A dokar AKC, karen da ya yi wa alƙali barazana fitar da shi ake yi daga fili, wanda ya kai hari kuwa soke shi ake yi daga gasar, ba zai sake shiga gasa ba sai ƙungiyar ta dawo da shi. Kalma ɗaya da aka yi sakaci da ita tana iya jefa kare a ajin da ba nasa ba, ko ta kuɓutar da wanda zai sake cizon wani.

Shaidu a ji su ɗaya bayan ɗaya, nesa da juna. In aka tara su wuri guda, mai babbar murya ne zai tsara wa sauran abin da suka gani. Kowa ya faɗi inda yake tsaye, ya rubuta da hannunsa, ya sa hannu da lambar waya. A tambaye shi ko yana da alaƙa da ɗaya daga masu karnukan, a rubuta amsar. Shi ma wanda ake ƙara a ba shi damar faɗin nasa. Idan ya ƙi sa hannu, a rubuta cewa ya ƙi, jami'ai biyu su shaida. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, kada a goge.

A ɗauki hoton rauni da rula a gefensa, kafin a ɗaure da kuma bayan an wanke. A ɗauki hoton katin rigakafin karen, musamman ranar allurar ciwon hauka, domin likita zai nema, kuma akan sa ido kan karen da ya yi cizo na kwana 10.

Ba cizo kaɗai ake rubutawa ba. Karen da aka bari cikin mota a rana, wanda aka fizge da igiya ko aka buga, tabarmar fili da ta zame da mutum, kare mai tari ko gudawa da aka shigo da shi, duk su shiga littafi. Har wanda ya kai hari bai samu ba. Jami'ai kan ji nauyin rubuta irin wannan don kada su ɓata da abokan harka, alhali rahoto uku ƙanana daga gasa uku ne ke nuna wa ƙungiya cewa kare na da matsala tun bai illata yaro ba.

Bayan an tashi, a duba wa'adin da ƙungiyar da ta ba da lasisi ta gindaya, a aika kwafin shafin tare da bayanan shaidu, hotuna da takardar likita, a sanar da kamfanin inshorar gasar. Asalin littafin ya zauna a hannun sakatare, kuma kada jami'i ya kai zancen Facebook alhali ana bincike. A bar shafin a buɗe na mako biyu: tarin da karnuka ke ɗauka a cunkoso yakan kai kwana 14 kafin ya bayyana, don haka duk wanda ya kira daga baya ya ce karensa ya kamu, a ƙara bayaninsa a ƙasa da kwanan watan kiran.